Karta da Yaranmu: Abin da Uwa Za Ta Tambaya

Ina gaida na Bodinga da Sifawa da Danchadi da Dingyaɗi, da na Shagari da Kajiji da Dandin Mahe. Yau zancenmu a kan karta ne, wasan nan da yaranmu maza suka ɗauka da ƙarfi.

Wata za ta ce, to mu da muke cikin gida ina ruwanmu da karta? Ruwanmu kuwa har tsundum. Ke kika soya ƙosai, ke kika dama fura, amma yaro ne ƙafarki. Shi ke kai talla, shi ke sayo cefane, shi ke kai zubin adashi. Kuɗinki na kwana a aljihunsa. In ya bi ta gindin bishiyar da ake buga karta, jarinki ne ya bi ta can.

Bari mu san abin tukuna. Wadda aka fi gani hannun yara ita ce Whot. Wani Bature ne, William Storey, ya ƙago ta a Ingila a shekarar 1935. Ganyenta 54 ne, da zane iri biyar: da'ira, gicciye, tauraro, mai kusurwa uku da mai kusurwa huɗu. Kowa ƙoƙari yake ya riga saura zubar da na hannunsa. In kin ga irin wannan a aljihun wando lokacin wanki, to kin san ko mene ne.

Ina addini ya tsaya? Caca dai haramun ce, babu saɓani. A duba Suratul Baƙara aya ta 219, da Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, inda aka haɗa ta da giya, aka nuna tana jawo gaba da ƙiyayya, tana hana ambaton Allah da salla. Wasan da ba kuɗi a cikinsa kuwa, malamai sun yi magana mai yawa. Risala, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, ba ta halatta wasan nardi da shaɗaranji ba, kuma da yawa daga malamai sun sa karta cikin wannan sahu. Wasu sun sassauta in babu kuɗi, babu zagi, babu wuce lokacin salla. Saboda haka maigida ya tambayi malamin da kuka amince da shi. Gidan da ya ce ba a yi sam, ya yi daidai, kada kowa ya ga laifinsa.

Ta wajen hukuma ma, Jihar Sakkwato ta fara aiki da dokokin Shari'a a shekarar 2000, kuma caca laifi ce a cikinsu. A 2021 aka sa hannu a kan dokar kare yara ta jiha. A 2024 Kotun Ƙoli ta ce harkar caca hurumin jihohi ne. Ke nan in wani ya ce da yaronki ai gwamnatin tarayya ta yarda, ba hujja ba ce.

Yaya abin ke farawa? Da ƙanƙani. Yau a sa alewa ko dabino, gobe naira hamsin. Ku lissafa tare da ni. Yara goma, kowa ya sa naira 100, an tara 1,000. Mai wuri ya cire 100, wanda ya ci ya kwashi 900. Tara sun tashi hannu wofi. A sake zagaye goma, mai wuri ya tara 1,000 bai taɓa ganye ko ɗaya ba. Shi kaɗai ne ba ya faɗuwa. Wanda ya ci sau ɗaya, daɗin nan ke mayar da shi. Wanda aka cinye kuma yana son ya fanshe. Daga nan sai bashi, sai ƙarya, sai "Inna, kuɗin sun faɗi a hanya." Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, ta sa jarabar caca a babi ɗaya da jarabar kayan maye. Yanzu kuma abin ya shiga waya, ana cacar ƙwallo yaro na kwance a ɗaki.

To, wani lokaci ƙungiyar matasa ko wasu masu kishin unguwa kan shirya gasa, ta karta ko ludo ko dara, wai don a raba yara da yawon banza. Niyyar na iya zama mai kyau. Amma kafin ki yarda ɗanki ya je, a samo miki amsar tambayoyi bakwai.

Na ɗaya, wa ya shirya? A san sunansa da gidansu, kuma mai unguwa ya san da zancen.

Na biyu, daga ina kyauta za ta fito? In kuɗin shiga aka tara daga yara aka ba wanda ya ci, caca ce, ko da an kira ta gasa. Kyauta ta fito daga wani can daban, kuma gara littafi ko jakar makaranta da tsabar kuɗi.

Na uku, an raba su bisa shekaru? Ɗan shekara goma ba ya zama tabarma ɗaya da mai ashirin da biyar. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Na huɗu, a ina? A fili, inda mai wucewa zai gani, da manya aƙalla biyu a wurin. Kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki ko shago, kada ya riƙa kiransa a waya da dare, kada ya ba shi rance. In 'yan mata ne, mata su kula da su.

Na biyar, yaushe? Ban da lokacin boko da allo da Islamiyya. A tashi in an kira salla, kowa ya kasance gida kafin magariba.

Na shida, yaya ake yi da mai maguɗi? A faɗi ƙa'ida tun farko. Wanda ya ɓoye ganye a fitar da shi daga zagayen, ba duka, ba zagin iyaye. Wanda aka cinye kada a yi masa ature.

Na bakwai, in wani abu ya faru, wa za a kai wa kuka? Kuma kada a sa hoton yaro a Facebook sai da izinin iyayensa.

In aka rasa amsar ko da ɗaya, ya zauna gida. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kada ki ce ba ki fita, ba yadda za ki yi. Kina da maigida, kina da ƙane ko wa, kina da malamar Islamiyya, kina da waya. A wajen suna ko biki, ku iyaye mata ku tambayi juna: naki ma yana zuwa? Ƙarfe nawa yake dawowa? Kuɗin talla kuma a ƙirga su gabansa kullum, ba da faɗa ba, ya zama al'ada. In kin ga ciniki na raguwa, ko ya zo da kuɗin da ba ki san asalinsu ba, ko ƙananan kaya na ɓata a ɗaki, ki zaunar da shi ku biyu. In kika fara da bulala zai ƙara ɓoyewa. Ki ji nawa ake binsa, wa ke binsa, sannan ki gaya wa mahaifinsa. Rufa masa asiri a nan cutarsa ce.

Wannan ƙasa tamu ta san tarbiyya. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna Bodinga. Nana Asma'u ta tura jajoji ƙauye-ƙauye, ilimi ya iske mata har cikin ɗakunansu. Alhaji Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun uwa ne ya fi kusa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su daga abokan banza, ya sa albarka a 'yar sana'armu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.