Kula da Saiwa Lokacin Dashen Itace

 Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, 'yan'uwa 'yan asalin Sakajiki mazauna Gusau, Sakkwato, Kano, Kaduna da Abuja.

An nemi mu ce wani abu game da dashen itatuwa. Tun bayan farin 1973 ake kiran jama'a su shuka itace, kuma Zamfara na cikin jihohi 11 na ƙasar nan da shirin Babbar Koriyar Katanga ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ku ma kuna aiko da kuɗi, wasunku har da dashen mangwaro da gwaiba a bayan mota. Amma a zaga gari bayan kaka, sai a tarar da busassun sanduna a tsaye. Akuya ake ɗora wa laifi. A namu ganin, da yawansu sun mutu tun ranar dashe, domin an raunata saiwarsu.

Itace yana shan ruwa ne ta 'yan siraran saiwoyin nan masu kama da gashi, su ne kuwa ke fara tsinkewa idan an fizgo dashe daga leda, ko ya sha jijjiga tsakanin Gusau da Ƙaura. Saboda haka a jiƙa shi tun da dare, a tsaga ledar da reza, a fito da shi tare da ƙasarsa. Sannan a duba. Lafiyayyar saiwa tana da haske da tauri. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, ko take wari, ta ruɓe. A yanke ta da wuƙa mai kaifi har zuwa inda take da rai. Wadda ta karye ma a daidaita bakinta, don yankan wuƙa ya fi tsagewa saurin warkewa, raunin da aka bari kuwa ƙofa ce ga ruɓa da gara. Dashen da ya daɗe a leda, saiwarsa kan naɗe kamar gammo. A warware ta ko a datse, in ba haka ba zai girma yana shaƙe kansa, wata rana iskar farkon damina ta kayar da shi.

Ga abin da aka fi mantawa: in an rage saiwa da yawa, a rage ganye. Ganye ne ke fitar da ruwa, 'yar saiwar da ta rage ba za ta iya shayar da shi duka ba. Masu furanni a tukwane a birni, wannan magana har da ku.

Kada ɗanyen taki ya taɓa saiwa mai rauni, ƙone ta zai yi; a gauraya ruɓaɓɓe da ƙasar sama. Kada a binne dashe fiye da zurfin da yake a leda, mangwaro mai aure kuma wurin haɗin ya tsaya a bisa ƙasa. Gawo shi kam gara a shuka irinsa a inda ake son ya zauna, saboda doguwar saiwarsa ba ta son a taɓa ta.

A yi dashe da yamma, cikin Yuli, bayan damina ta zauna, a kewaye da ƙaya. Muna roƙon duk mai aiko da kuɗin dashe ya haɗa da ladan wanda zai riƙa ba shi ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu, kwamiti kuma ya rubuta sunan mai kula da kowane itace.