Kowane Lokaci Da Kiɗansa

 Yau tunaninmu ya koma ƙauyukan ƙasar Malumfashi, a Jihar Katsina, inda a dā ko makaho ya san lokacin da ake ciki na shekara, domin kowane lokaci yana da kiɗansa.

In bazara ta yi zafi, hadari ya fara haɗuwa daga gabas, sai gari ya yi tsit, ido yana sama. Ruwan shuka yakan sauka wajen watan Mayu ko Yuni. Da gero da dawa sun tashi, ciyawa ta taso musu, sai a kira gayya. Mai gona ya tanadi tuwo da kunu, samari su jeru da fartanya, makaɗi ya rataya gangar noma yana binsu kunya kunya. Yana kiran sunan kowa da na ubansa, yana yi wa jarumi kirari, yana yi wa rago zambo. Gonar da za ta ci wa mutum ɗaya mako biyu, kafin la'asar an gama ta.

A watan Agusta marka takan tsare mutane a ɗaka, ba ka jin kome sai yayyafi da kukan kwaɗi. Sa'an nan kaka ta zo. Mata suna lugude a turmi, taɓarya tana amsa wa taɓarya. Yara suna yanko karan dawa suna busa. Da dare, a farin wata, 'yan mata suna gaɗa a dandali. Hunturu ya shigo da ƙura da sanyi, an cika rumbu, sai bukukuwan aure da kalangu.

'Yan'uwa, ba don nishaɗi kaɗai kakanninmu suka yi wannan ba. Ganga ce take tara mutane, kuma inda aka taru, ba a barin gonar gwauruwa ko ta marar lafiya ta mutu a ciyawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san shekarar da gero ya bushe a tsaye. Abin da ya riƙe gidaje da yawa shi ne maƙwabcin da aka saba duƙawa tare da shi a kunya ɗaya.

Yanzu fa? Maganin feshi ya rage aikin fartanya, mun gode. Amma gayya ta yi wuya, kowa da gonarsa, kowa da kuɗin ƙwadagonsa. Samari sun tafi birni, waɗanda suka rage kuwa kiɗansu yana cikin waya. A wurare da dama rashin tsaro ya kashe dandali. Ruwa ma ba ya tsayawa inda aka san shi. Tsohon makaɗi ya rataye gangarsa, gara tana cin ta, ba ɗan da ya koya. Ranar da aka binne shi, an binne sunayen manoman gari guda.

Mu da muke karanta Zabura, kada mu manta ta 65 waƙar manoma ce, ta ruwan sama da kunyoyi da amfanin gona. Zumuntar Mata kuma ba su raina tulu da caki ba, sun shigo da su sujada. Ashe kiɗan gida yana da wurin zama.

To, me za mu yi? An ce in kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. Wayar nan da ke hannun ɗanka, a kai ta wurin tsohon makaɗi da tsohuwa mai waƙar daka, a ɗauki muryarsu tun suna da rai. Daminar bana kuma, bari matasan kowace ikilisiya su zaɓi gona ɗaya ta wanda ba shi da mai taimako, su kira gayya, su gayyaci maƙwabta duka ba tare da bambanci ba, a sauko da ganga.

Ubangiji ya ba mu ruwa mai albarka, ya kai mu kaka lafiya. Amin.