Kaifin Wuƙa a Wuta Ake Samo Shi

Duk mahaucin da ya daɗe a sana'a ya san wuƙa biyu kan fito daga ƙarfe iri ɗaya, ɗaya ta feɗe sa ba ta dakushe ba, ɗayar kuwa tun ba a je ko'ina ba sai an nemi dutsen wasa wuƙa. Bambancin daga wuta yake.

A masana'anta ana gasa ƙarfen da ba ya tsatsa har zafinsa ya haura digiri 1000, sannan a sanyaya shi da gaggawa. Ya yi tauri ke nan, amma da gautsi, in ya daki ƙashi sai bakin ya ɓantare. Shi ya sa ake sake ɗumama shi, wajen digiri 200, don a rage gautsin. Maƙeranmu ma haka suke yi, sai dai su launin ƙarfen ne ma'auninsu.

Kamfanin Buck na Amurka yana aiki da ƙarfen 420HC, wanda ba mai tsada ba ne, amma saboda iya gashi yakan kai shi tauri 58 a ma'aunin Rockwell, wuƙaƙensa kuma suka yi suna wajen riƙe kaifi.

Abin da ke damuna shi ne injin wasa wuƙa na kasuwa. Da zarar bakin wuƙa ya yi shuɗi a kan injin, zafi ya kashe taurin, kuma ba ya dawowa. Don Allah masu wannan sana'a, ku riƙa tsoma wuƙar a ruwa akai-akai, ku daina danne ta da ƙarfi.