Kacala da Masu Gona a Bakin Tafkin Nguru

Jawabin da aka yi wa 'yan ajin Yaƙi da Jahilci a wani ƙauye na bakin tafkin



Yau ban zo da alli ba, da ganye na zo. Ga shi a hannuna. Ba wanda zai ce bai san shi ba, kacala ce. Yawancinku kun girme ni, kun kuwa fi ni sanin tafkin nan, saboda haka in na yi kuskure a gyara mini.

Dattawan da ke nan sun tuna yadda Kogin Haɗeja ya ke a dā. Da damina ya kawo ruwa ya cika fadamu, a yi shinkafa, a kama kifi. Da rani ya janye, a bi danshi a shuka wake, Fulani su kawo shanu. Sa'an nan ƙasa ta bushe har ta tsage. Kacala ba ta son wannan bushewa, shi ya sa ba ta yi ƙarfi ba a zamanin nan.

To, a shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. A 1992 kuma aka gama ta Calawa. Kogunan nan biyu su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kada mu ci amanar gaskiya, madatsun sun yi amfani. Birnin Kano na shan ruwansu, manoman rani na wajen Kura suna ci da su. Amma tun da aka yi su, ana sako ruwa kaɗan kaɗan rani da damina. Wuraren da dā ke bushewa suka daina bushewa. Ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa kuwa, shi ne gidan kacala.

Gabas da Haɗeja kogin ya rabu uku. Akwai tsohon Kogin Haɗeja, akwai Burum Gana, akwai kuma Marma, wadda ke zuba cikin tafkinmu. Kacala ta tsaya a hanyoyin nan, ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Sai yawancin ruwan ya karkato Marma. Mu nan gonaki suka nutse. Mutanen da ke kan sauran hanyoyin, har zuwa Gashuwa, suka rasa ruwan da suka saba samu. Ruwa ɗaya ne, wani na kukan ya yi yawa, wani na kukan babu. Ga jan-baki ya sami wurin kwana cikin ciyawar, ga sauro.

Ƙofar Tiga ba a hannunmu ta ke ba. Injin da Gwamnati kan aiko ya share hanya, yakan yi aikinsa ya tafi. Amma gaɓar da ke gaban gonar kowa tana hannunsa kullum, a kanta kuwa na zo mu yi magana.

Ku miƙa ganyen nan hannu hannu, kowa ya karya ya duba cikinsa. Kun ga 'yan ramuka kamar na soso? Ta nan iska ke bi ta sauka har saiwar da ke cikin laka. Watau ganyen shi ne hancin kacala. Kadan ka yanke ta sama da ruwa, ko ka sa mata wuta alhali gindinta na da danshi, aski ka yi mata kawai, ba da daɗewa ba za ta tofo. Amma kadan ka sa lauje ka yanke ta ƙarƙashin ruwa, kamar taki guda, ruwa ya rufe kututturen, to, ka toshe mata hanci. Yanka ɗaya ba ya isa. In ta sake leƙowa ka koma, sau biyu ko uku. Lokacin da ya fi kyau shi ne sa'ad da ta fara fid da kai, tun irin bai nuna ba, gama kai guda na ɗauke da iri dubbai, iska kuwa ke raba shi. Abin da ka yanka kuma ka jawo shi tudu. In ka bar shi cikin ruwa ya ruɓe, ka ƙara wa hanya shara ke nan.

Ga inda wuyar ta ke. Bara na je wani ƙauye, na tarad da wani dattijo ya share gaban gonarsa tas, shi da 'ya'yansa. Maƙwabcinsa ya tafi cin rani, bai bar wa kowa sallahu ba. Da na koma, saiwa ta ratso ta ƙarƙashin ƙasa daga gefen maƙwabcin, ta ci kusan rabin wurin. Dattijon ya ce mini shi ya gama, ba zai ƙara wahalar banza ba. Ban iya ba shi laifi ba. Kacala ba ta san iyakar gona ba.

Saboda haka aikin na gayya ne. Gayya kuwa kun san halinta. Ran farko gari duka ya fito da kiɗa, ran na biyu rabi, ran na uku sai Bulama da ƙanensa. Dalili shi ne ba wanda ya san rabonsa, in kuwa gardama ta tashi ba shaida sai baki.

A nan karatunku zai yi muku rana. Ku sami littafi guda. Masu gona a bakin ruwa duka su zauna gaban Bulama da Sarkin Ruwa, a rubuta sunan kowa, da tsawon gaɓar da ke gabansa. A rubuta ranakun fita. Wanda ya zo a yi masa alama. Wanda zai yi tafiya ya bar wakili, ko ya biya abin da jama'a suka yanka, a rubuta, a karanta a bainar jama'a, don kada a ce wani ya ci. Gwauruwa da tsoho marar ɗa, a ɗauke musu. Masunta da makiyaya su ma a kira su zaman, gama suna shan ruwan nan, dokar da aka yi ba da mutum ba kuwa da wuya ya bi ta.

Akwai abin da mu ke yi da hannunmu wanda ke taimakon kacala, sai ku gafarce ni in faɗa. Wani yakan fasa gaɓar hanya da dare don ruwa ya shiga gonarsa, ba ya kuwa komawa ya toshe. Ruwa ya malala ya kwanta, shekara ta kewayo wurin ya zama kacala. Wani ya jera gura ya yi dumba daga wannan gaɓa zuwa waccan, ruwa ya tsaya, laka ta taru. Ban ce a hana kowa neman abinci ba. A dai rubuta inda aka yarda a fasa, da ranar toshewa, a kuma bar wa ruwa da jirgi ƙofa. Zuba maganin ƙwari don kashe kifi kuwa, wannan ba shi da wani gyara sai bari, ruwan da 'ya'yanmu ke sha ne.

Masu shiga yanka su kula da tsargiya. Ƙwayar cutar na fita cikin fitsarin mai ita, ta shiga jikin katantanwa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwa. Katantanwa kuwa na son gindin ciyawa. Kada a yi fitsari a tafki. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai magani.

Wataƙila ba ku sani ba, tun shekarar 2000 an sa Tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye, su ne na farko a Nijeriya. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su yi hunturu a nan. Takardar da ta fito daga masu gona a bakin irin wannan tafki, da sunaye, da ranakun da suka yi aiki, ta fi ƙarfi a ofishin Ƙaramar Hukuma bisa ga kuka da baki.

Ran Laraba in Allah ya kai mu, kowa ya auna gaɓar gonarsa da ƙafa, ya ƙidaya, ya rubuto sunansa da lambar a takarda. Malam zai duba rubutun, ni kuma in zo da littafin. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya zo da lambar a ka, mu rubuta tare.