Littattafan Soyayya da Tarbiyyar 'Ya'yanmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara-Shekara na Ƙungiya

 

An nemi mu yi tsokaci a kan addini da tarbiyya a adabin zamani. Fagen yana da faɗi, don haka za mu taƙaita a kan littattafan nan da ake kira na soyayya, waɗanda wasu masana suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Mun zaɓe su ne domin da wuya a sami gida a cikinmu da ba su shiga ba, ko maigida ya sani ko bai sani ba.

Iyayenmu sun tashi da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, waɗanda hukuma ta buga ta kai makarantu. Daga shekarun 1980 al'amarin ya sake salo. Matasa da matan aure suka riƙa rubutu suna bugawa da kuɗinsu, suna kaiwa kasuwa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, ya kuma zagaye ƙasar Hausa. Nan fa aka yi ca a kan marubutan, ana zarginsu da koya wa 'yan mata fitsara da bijire wa iyaye. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, shirin A Daidaita Sahu ya jagoranci ƙona wasu daga cikin littattafan a bainar jama'a.

Ba mu musun cewa akwai baragurbi a cikinsu. Akwai waɗanda mai kunya ba zai iya karanta su a gaban ɗiyarsa ba. Amma muna roƙon masu yi musu kuɗin goro su karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin wani ɗan kasuwa ne, Alhaji Abdu, da ya yi watsi da matarsa Rabi da 'ya'yanta tara, ya ɗauko wata mai zaman kanta ya aura, daga baya ya kori uwargidan. Rabi ta kama sayar da abinci tana riƙon yaran, har ranar da gobara ta cinye dukiyar Alhajin. To, jama'a, mene ne a nan da ya saɓa wa Musulunci? Ciyar da iyali wajibi ne, adalci tsakanin mata wajibi ne, kuma malamanmu da ke zaune a nan suna faɗin haka a kan mumbari. Marubuciyar ta ba wa hukuncin suna da fuska da unguwa ne kawai, shi ya sa ya yi wa wasu mazan zafi. Haka ma Wa Zai Auri Jahila? nata, inda aka cire yarinya daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho. Mu da muka fito daga wannan gari mun san gidajen da aka yi hakan, ba sai an kama suna ba.

Abin da ya kamata ya dame mu yau ya wuce wancan rikici. Littafin takarda ya ja baya, rubutun ya koma cikin waya. Ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, wani kyauta wani da kuɗi, kuma wasu masu rubutun ba sa ma sa sunansu na gaskiya. Marubucin da, in ya yi ba daidai ba, an san shagon da za a same shi. Na yanzu kuwa ba ashanar da za ta kai gare shi, kuma wayar mu ne muka saya wa yaran da hannunmu. Mu mazauna birane mun fi kowa shiga wannan hali, domin 'ya'yanmu ba su da kaka ko gwaggo a kusa da za ta yi musu tatsuniya da dare, da yawansu ma a waɗannan labarai suke koyon karatun Hausa.

Saboda haka muna gabatar wa kwamitin ilimi buƙata biyu. A ware ɗaki ɗaya a sakatariyar ƙungiya a zuba littattafan Hausa, tsofaffi da sababbi, waɗanda malamanmu na addini da na boko, maza da mata, suka zauna suka karanta da kansu kafin su zaɓa. Sannan a sa gasar gajeren labari tsakanin ɗaliban sakandaren garinmu, kamar yadda Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016, a buga wanda ya zo na ɗaya a wannan mujalla baɗi. Reshenmu ya ɗauki nauyin kyautar shekarar farko, muna kuma jiran jin ta bakin sauran rassa kafin a tashi taro.