An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ciwon Murjani Mai Taushi a Sabon Tankin Ruwan Gishiri

 Lokacin da aka ware a taron nan kaɗan ne, don haka wannan takarda za ta shiga batu kai tsaye.

Labarin kusan ɗaya ne, ko a Landan ne, ko a Jidda, ko a Legas. Mutum ya sayi tankin gilashi, ya dama gishiri a ruwa ranar Asabar, Asabar ta zagayo ya koma kanti ya ɗauko murjani mai taushi. Galibi Sarcophyton ake ba shi, mai kai kamar lema da jiki kamar jemammiyar fata. Kwana uku, 'yan yatsun da suka lulluɓe kansa sun shige ciki, kara ya langaɓe. Hankalin mai tanki ya tashi. Yau ya ɗaga shi sama, gobe ya sauko da shi ƙasa, jibi ya ƙara haske, gata ya tsiyaya maganin da aka tallata masa. Kafin wata ya mutu murjani ya narke, mai kanti ya jajanta masa, ya sayar masa da wani.

Matsayin wannan takarda shi ne, a irin wannan hali ba kasafai laifin ke jikin murjanin ba. Laifin yana cikin ruwan da bai nuna ba, yana bakin mai kantin da ya sayar kafin lokaci, yana kuma kan teburin hukumomin da har yau ba sa ƙidaya wannan halitta.

A fara da ruwa. Sabon tanki fanko ne ta fuskar ƙananan halittu. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin amoniya, kuma sai an samu bakteriyar da ke mayar da ita naitirait, da wata mai mayar da naitirait naitiret, kafin ruwan ya zaunu. Waɗannan bakteriya masu nawar hayayyafa ne, shi ya sa aikin ke cin mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, musamman idan da busasshen dutse aka fara. Ruwan teku kuma ma'auninsa na pH yana wajen 8.1 zuwa 8.3, inda amoniya ta fi dafi nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da ruwan kogi. Duk wanda ya jefa murjani a mako na farko ya jefa shi ne cikin wannan dafi. Ko bayan amoniya ta koma sifili tankin bai gama rikida ba: gansakuka ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi, koriya mai gashi ta biyo baya, sinadaran ruwa su yi ta hawa da sauka har tsawon watanni.

Sai gishiri, kuma a nan aka fi yin ɓarna cikin rashin sani. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowane kilo, abin da na'ura ke nunawa 1.025 zuwa 1.026. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. A ɗauki tanki mai lita 100 da ke asarar lita 2 a rana. Idan aka yi mako ba a cike shi ba, saura lita 86, gishirinsa ya haura daga 35 zuwa kusan 41. Idan kuma mai shi ya cike giɓin da ruwan gishiri maimakon tsurar ruwa, kuskuren da sababbin shiga suka saba yi, to ya dasa gishirin a kusan 40 daram, mako mai zuwa ya ɗora wani a kai. Gaskiya ne gishirin Bahar Maliya yana kai 40 kuma murjani na rayuwa a can, amma wancan a ciki ya tashi. Wanda aka ɗebo daga Bali bai san shi ba. Ma'aunin roba mai allura da ake haɗa wa mai saye kyauta kuwa, ƙwayar kumfa ɗaya ta maƙale wa allurar ta isa ta sa shi ƙarya. Rifaraktomita ya fi, shi ma sai an saita shi da ruwan gwaji mai 35.

Zafin da ake nema digiri 24 zuwa 26 ne. A teku, ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin bazarar da murjani ya saba, idan ya ɗauki makonni, yana sa shi korar ƙananan gansakukar da ke zaune cikin tsokarsa suna ciyar da shi daga haske, sai ya koɗe ya yi fari. Littattafan wannan kiwo an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, shi ya sa suke cika shafuka da zancen hita. Mai tanki a Kano ko Yamai, inda watan Afrilu ke wuce digiri 40, na'urar sanyaya ruwa ce matsalarsa, da kuma wutar da za ta riƙe ta. Idan aka ɗauke wuta injin kaɗa ruwa ya tsaya, iskar numfashi a tankin na iya ƙarewa cikin sa'o'i. Ruwan famfo mai kulorin, da ruwan da ya bi bututun tagulla, da maganin kifi mai tagulla, duk ajali ne. Wannan kowa a zauren nan ya sani.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne Sarcophyton yana saɓa. Lokaci zuwa lokaci yakan janye yatsunsa, kansa ya yi sheƙi kamar an shafe shi da kakin zuma, ya zauna haka kwanaki, wani lokaci fiye da mako, sannan ya yar da wata siririyar fata ya buɗe fes. Dabararsa ce ta kakkaɓe datti da gansakukar da suka hau shi. Abin da yake bukata a lokacin shi ne ruwa mai motsi da zai ɗaye masa fatar, sai kuma a ƙyale shi. Mai tankin da bai san haka ba, shi ne ke ɗaukar lafiyayye ya yi ta yawo da shi daga dutse zuwa dutse, kuma kowane ɗagawa sabon tsukewa ne. Rarrabewar ba ta da wuya. Idan jikin da ƙarfi a taɓa, launi bai sauya ba, ba ya wari, saɓa ce. Idan wani gefe ya yi baƙi ko ya yi luguf, yana marmashewa, aka ɗago shi ɗoyi ya bugi hanci, ruɓa ce, kuma maganinta reza: a yanke ruɓaɓɓen har a shiga lafiyayyar tsoka, a wajen tanki, a ɗauraye, a mayar inda ruwa ke gudu. Murjanin fata yana jure yanka ƙwarai, da yankan ma ake yaɗa irinsa.

Haske kuma a hankali ake ƙara shi cikin makonni, don halittar da ta kwana ɗaya ko biyu a leda cikin duhun kwali ba za ta ɗauki fitilar LED a ƙure ba. Akwai ƙwari, akwai dodon-koɗi masu cin wasu nau'o'i, a duba da tocila da dare. Akwai kuma gubar da murjanin fata ke saki don hana maƙwabta sakewa, wadda gawayin tace ruwa da sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ke ragewa.

Duk wannan yana amfani ne idan murjanin da aka saya mai rayuwa a tanki ne tun asali. A nan takardar ke da ƙorafi.

A 2003 cibiyar UNEP-WCMC da ke Kambirij ta fitar da rahoto kan cinikin halittun ado na teku. Ta ƙiyasta mutum miliyan 1.5 zuwa 2 ne ke riƙe da tankin ruwan gishiri a duniya, cinikin yana kai dala miliyan 200 zuwa 330 a shekara, ana safarar kifi miliyan 20 zuwa 24 daga nau'i 1,471, da gutsuren murjani mai tauri miliyan 11 zuwa 12 daga nau'i 140. Na mai taushi, nau'i 61, gutsure kusan 390,000 a shekara. Rahoton ya ambaci biyu cikin waɗanda aka fi saye: Sarcophyton, mai juriya, da Dendronephthya, wanda ya ce ƙarara ba ya yin kyau a tanki. Dalilin sananne ne tun kafin nan. Dendronephthya ba shi da gansakukar cikin tsoka, haske ba ya ciyar da shi. A 1995 Katharina Fabricius da Yehuda Benayahu da Amatzia Genin sun wallafa a mujallar Science cewa nau'insa na Bahar Maliya ƙananan tsirran da igiya ke kawowa yake tacewa ya ci. Babu tankin falo da zai iya shayar da shi haka dare da rana ba tare da ruwan ya lalace ba. Amma ja ne, ruwan hoda ne, kyakkyawa ne kamar furen roba, don haka shi ne ke fara ɗaukar idon baƙo. Wanda ya saye shi zai auna gishiri, ya auna zafi, ya ga komai daidai, abin kuma ya ci gaba da ramewa, don yunwa ce ke cin sa.

Wancan adadi na 390,000 ma daga bayanan da 'yan kasuwa suka bayar bisa raɗin kansu ya fito, kuma ya haura shekara 20. Me ya sa ba a da na hukuma? Yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, ta sa baƙin murjani a jerinta na biyu a 1981, ta kammala shigar da masu tauri a 1990. Daga dangin masu yatsu takwas, inda masu taushi suke, 'yan ƙalilan masu ƙashi ne suka shiga, irin su Heliopora da Tubipora. Sarcophyton, Sinularia, Xenia, Dendronephthya, duk suna wucewa ba tare da takardar CITES ba. 

Idan hukumomi suka tashi motsi kuwa, da gatari suke zuwa. Fiji ta hana fitar da murjani mai rai a ƙarshen 2017. A watan Mayu na 2018 ma'aikatar harkokin teku ta Indonesiya, ƙarƙashin minista Susi Pudjiastuti, ta daina ba da takardar lafiyar da ake fitar da murjani da ita, ciniki ya tsaya cak, har da na masu nomansa a teku waɗanda su ne ya kamata a ƙarfafa. Sai a Janairun 2020 aka sake buɗe wa na noma. Wata 20 ke nan, aka haɗa mai shuka da mai fasa dutse aka yi musu kuɗin goro.

Sakacin bai tsaya kan asarar kuɗi ba. Cikin abin da kantuna ke jerawa a layin masu taushi akwai Palythoa da Zoanthus, waɗanda a ilimance wani reshe ne daban. Daga jikin Palythoa na Hana, a tsibirin Maui, Richard Moore da Paul Scheuer suka tsamo gubar falitoksin a 1971, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi da aka sani a jikin halitta. A Agustan 2014 mutum uku 'yan gida ɗaya suka kwanta asibiti a Ankorej ta jihar Alaska bayan an zuba kimanin kilo 32 na murjani a tankin gidansu. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta wallafa a 2015 ya gano mutum 10 da suka kamu tsakanin 2012 da 2014, yawancinsu ma'aikatan kanti, ya kuma nuna babu dokar da ta tilasta gwaji ko rubuta gargaɗi. A Maris na 2018, a ƙauyen Steventon na yankin Oksfod, mutum 10 aka kai asibiti, huɗu daga ciki 'yan kwana-kwana, bayan an kankare dutsen tanki a cikin gida. A lura da abin da ke jawo irin wannan: kankara, goga, zuba tafasasshen ruwa, wato daidai abin da mai tanki ke yi idan ya ga murjaninsa ba lafiya ya tashi gyara.

Wanda ya gaji kuma yakan juye tankin a teku. Masu bincike a Benezuwela sun danganta shigar murjani mai taushi Unomia stolonifera ruwansu da cinikin tanki. An fara ganin sa a 2007, yanzu ya shimfiɗe a kan duwatsun gandun Mochima yana shaƙe na gida, an kuma same shi a Pearl Harbor ta Hawai a 2020. Nan ma ihu bayan hari aka yi.

Bukatun takardar ba masu tsada ba ne. Hukumomin shige da fice na kaya su rubuta sunan jinsin kowane murjani mai taushi da adadinsa, ko yana jerin CITES ko ba ya ciki, su daina tattara su a layi ɗaya da sunan halittun ruwa. A tilasta wa kanti liƙa takarda mai faɗin ko na noma ne ko na daji, ko haske na ciyar da shi, da gargaɗin guba a kan kowane Palythoa da Zoanthus. Dendronephthya a bar wa cibiyoyin bincike. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su sa wa mambobinsu sharaɗin auna ruwan mai saye kafin a ɗaure masa leda, aikin da bai wuce minti 10 ba.

Mai tankin da murjaninsa ya tsuke a daren nan kuwa, ya auna amoniya da gishiri da zafi, ya rubuta, ya juya injin ruwa ya fuskanci wajensa, ya sa safar hannu da tabarau idan dole sai ya taɓa, sannan ya cire hannunsa daga tankin har kwana bakwai.