In kun ga hayaƙi a gabas

Makiyaya da fatake na tsallaken iyaka biyu,

Damina in ta yi kyau ana murna, amma ciyawar nan da ta kai gwiwa ita wuta ke nema. Daga Oktoba take bushewa, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas. A dajin Dakoro, Bermo ko Abalak, guntun sigarin da direba ya wurga, ko garwashin shayin da ba a binne ba, ya isa ya cinye abincin dabbobi na rani guda. Sauran kun sani: garke ya gangaro kudu tun ba a gama kwashe amfanin gona ba, ga rigima da manoma, ga dusa ta yi tsada har Jibiya da Illela.

Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana hango wuta ta tauraron ɗan Adam, gaskiya ne. To amma motar 'yan kwana-kwana tana cikin gari, kafin ta ratso rairayi an gama. Ku ne na kusa. Ku share hanyar tare wuta tun yanzu, ku fara da gabashin ruga, inda iska ke fitowa. Wanda ya ga hayaƙi ya kira mai gari da jami'an gandun daji, ya kuma kira rugar da ke yamma da shi, ko da a wata ƙasar take. A Nijar lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, a Nijeriya lambar gaggawa 112.

Kuma don Allah kada ku tari wuta ta gaba. Ku kora dabbobi gefe tukuna, sannan ku bi ta ta baya da ɗanyen reshe.